Ina Son Karanta Ilimin Falaki a Jami'a: Ta Ina Zan Fara Daga Garwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a wata lise (sakandare) a Garwa, ina Tarminal C, ajin ƙarshe na masu lissafi da fizik, bana zan zauna bak, jarrabawar kammala sakandare, in Allah ya yarda. Tun ina ƙarama nake son taurari, duk daren da aka ɗauke wuta ina tsakar gida ina kallon sama. Burina in karanta ilimin falaki a jami'a. Baba yana so in yi konkur, wato jarrabawar shiga karatun likita, yana cewa karatun taurari ba ya ciyar da mutum, wata gwaggona kuma ta ce ai wannan duba ne. A ina ake karanta shi, me ya kamata in fara yi tun yanzu, kuma akwai aiki a ƙarshensa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar bak.

Zan fara da abin da ba lallai ya yi miki daɗi ba. Falakin da ake koyarwa a jami'a fizik ne da lissafi da aikin kwamfuta. Kallon sama ɗan ƙaramin yanki ne a cikinsa, har akwai manyan masana fannin da sukan shekara ba su ɗora ido a kan madubin hangen nesa ba, suna zaune gaban allo suna fama da lambobi. Dalili kuwa, ba wanda ya taɓa zuwa wani tauraro ya ɗebo shi a kwalba. Haskensa kawai ke iso mana, saboda haka zafinsa da nisansa da nauyinsa da shekarunsa duk daga wannan hasken ake tatso su. In aka bi da haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan bazu launi-launi, a cikin launukan kuma akwai siraran layuka, kowane sinadari da layukan da ya keɓanta da su. Ta wannan hanya aka ga alamar hiliyam a hasken rana a 1868, ba a kuwa same shi a doron ƙasa ba sai 1895. Ta ita ce kuma Cecilia Payne ta nuna, a kundin doktoranta na 1925, cewa mafi yawan jikin taurari haidurojin ne da hiliyam, lokacin da manyan malamai ke ɗauka kayan da ke cikin rana kusan irin na ƙasa ne. Aikinta fizik ne tsantsa. Mai son tuwo daban, mai iya tuƙa shi daban, kuma jami'a masu tuƙi take yayewa.

To yaya za ki gane ko kina cikinsu? Ki auna wani abu da hannunki, ki ga ko ranki zai yi fari ko zai gundura. Garwa ma ta dace da wani gwaji mai kyau ƙwarai, domin ita da Ngaundere kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, kuma tsakaninsu a miƙe, ba ta kwalta ba, kimanin kilomita 220 ne. Ki samu sanda mai tsawon mita ɗaya daidai, ki kafa ta a daɓe mai laushi, ki tabbatar da miƙewarta da zare mai ɗauke da ɗan dutse. Ki nemi wata ƙawa ko 'yar'uwa a Ngaundere ta yi haka. Wajen ƙarfe goma sha biyu ku riƙa sa alama a bakin inuwa kowane minti biyar, har ku ga inda ta fi gajarta kafin ta koma tsawo. Wannan shi ne zawalin da malaman fiƙihu ke aunawa da tafin ƙafa don sanin shigar azahar. In kuka yi wajen 21 ga Disamba, taki inuwar za ta kai kusan santimita 64, tata kuwa tsakanin 59 da 60. Ki mayar da kowace kusurwa da tanjant ɗin da kika koya tun a ajin Sagond, za ki ga bambancin digiri 2 ne. Digiri 2 kashi ɗaya ne cikin 180 na da'ira, kilomita 220 sau 180 kuwa 39,600 ke nan, ainihin kewayen duniya kuma kusan kilomita 40,000 ne. Eratostenis ya yi irin wannan a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Amma inda gwajin yake auna ki shi ne bayan kin samu amsa. Da wuya ta fito daidai a karon farko, watakila ki samu 33,000 ko 47,000. Idan kika ji kina son sanin dalili, kika koma kika duba ko sandar ta karkata, ko daɓen ba shi da daidaito, ko bakin inuwar ya yi dishi-dishi har kuskuren rabin santimita ya shiga, kika kuma lissafa yawan kilomitar da rabin santimita ke jawowa, to kina da halin da ake nema. Ɗaliban da na ga sun yi nisa a fizik masu irin wannan nacin ne, kuma sau da yawa ba su ne suka fi kowa saurin ba da amsa a aji ba.

Akwai wasu awon da za ki iya yi daga tsakar gida. In kika samu jumel, madubin hangen nesa mai ido biyu, irin mai rubutun 10x50, kika jingina gwiwar hannu a katanga don kada ya yi rawa, za ki ga ɗigo har huɗu a jere kusa da Jupita, wadda malamanmu ke kira Mushtari. Watanninta ne, su Galileyo ya gani a 1610. Ki zana matsayinsu kowane dare. Na can waje yana kammala zagaye cikin kwana 16 da 'yan kai, yana nesa da ita da kusan kilomita miliyan 1.9, kuma da waɗannan lambobi biyu da dokar Kepla ta uku, wadda ke cikin darasinku na bana, za ki fitar da nauyin Jupita: ya ninka na duniyarmu kusan sau 318. Akwai kuma tauraron Algol a sashen arewa, da ake gani da yamma daga kaka zuwa ƙarshen sanyi. Duk kwana 2 da awa 21 haskensa yakan dushe na wasu awoyi sannan ya dawo, saboda taurari biyu ne ke zagaya juna, mai duhun yana shiga gaban mai hasken. Ido kawai yake buƙata, da kwatanta shi da maƙwabtansa, da littafi. Littafin nan ki ɗauke shi da muhimmanci: kwanan wata, lokaci, yanayin sama, abin da kika gani, da biro ba da fensir ba, kuma kada ki goge abin da ya saɓa wa tsammaninki. Ranar da za ki rubuta takardar neman tallafin karatu, wadda ta ce tana son taurari tun tana ƙarama tana cikin ɗaruruwa, wadda kuwa ta ce ta bi Algol wata uku ta fitar da tsawon zagayensa ita kaɗai ce.

Samaniyarmu ba abin rainawa ba ce. Garwa tana wajen digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa tauraron arewa yake ƙasa-ƙasa, kamar faɗin dunƙulen hannu daga bakin ƙasa in kin miƙe hannunki. Amfanin wannan shi ne kusan duk samaniyar kudu ma tana fito mana. Ɗalibin da ke Faris bai taɓa ganin taurarin kudu huɗu masu siffar gicciye ba, ko Alfa Sentori, maƙwabtan rana mafi kusa da haskensu ke ɗaukar shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso, ke kuwa za ki gan su da yamma daga Afrilu zuwa Yuni in kika fuskanci kudu. Abokin gabarmu shi ne hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan cinye duk abin da ke kusa da bakin ƙasa. Lokacin da ya fi shi ne Oktoba da Nuwamba, ruwa ya wanke iska, Kaza da 'ya'yanta na fitowa daga gabas bayan magariba, da kuma daren damina da hadari ya wuce, inda farar hanyar taurari ke ratsa sama ta yi kauri wajen kudu. Kada ki matsa wa Baba ya saya miki irin ƙananan madubin da ake tallatawa da alƙawarin girmama abu sau ɗari biyar, ƙafafunsu rawa suke yi, ba abin da za su ƙara miki sai takaici. Jumel mai kyau da manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama, wadda kyauta ce, sun ishe ki shekara biyu.

Rana kuwa, kada ki kuskura ki dube ta da jumel ko da na ƙiftawar ido, makanta ce da ba ta da magani. Baƙin tabarau da gilashin da aka shafa wa hayaƙi duk ba su kare ido. Ina faɗa ne saboda ranar 2 ga Agustan 2027 za a yi babban husufin rana, wanda zai rufe ta ruf a Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar da yankin Makka, a Luksor duhun zai wuce minti 6, mu kuma nan za mu ga wani sashenta ne kawai ya rufe. Ki huda ƙaramin rami a kwali ki bar hasken ya faɗa kan farar takarda, ko ki duba ƙarƙashin darbejiya, za ki ga ɗigon hasken da ke ratso ganye duk sun zama gatsattsu. Af, yankinmu ma yana da nasa a tarihin husufi. Ranar 30 ga Yunin 1973 masana sun hau jirgin Concorde daga tsibiran Kanari, suka bi inuwar wata a kan Sahara da gudun da ya ninka na sauti biyu, suka zauna cikin duhun husufi minti 74, alhali wanda ke tsaye a ƙasa bai samu fiye da minti bakwai da 'yan daƙiƙu ba. A Njamena jirgin ya sauka.

Yanzu batun inda ake karantawa. Kada ki ɓata lokaci kina neman lisans, wato digirin farko, mai sunan falaki a takardun shiga jami'a. Ƙofar ita ce lisans na fizik, kuma ko a Faransa haka tsarin yake, sai a masta ake rabuwa. Wannan alheri ne gare ki, domin shekara ukun farko za ki iya yin su kusa da gida, a Ngaundere ko Marwa, ko Yawunde ta ɗaya in akwai dangin da za ki zauna wurinsu, kuma kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati jaka hamsin ne na sefa a shekara. In aka ba ki zaɓi tsakanin fizik zalla da wanda aka karkata shi ga lantarki ko makamashi, ki ɗauki zalla, ki kuma kwashi duk darasin lissafin da aka yarda ki ɗauka. A shekarar farko ba za ki ji an ambaci tauraro ba sai jefi-jefi, a nan ne masu irin burinki kan karaya. Ki riƙe a ranki abin da kowane darasi zai yi miki. Makanik shi ke bayyana zagayen duniyoyi da taurari masu tagwaye. Optik shi ne madubin hangen nesa kansa. Tarmodinamik da fizik na ƙididdiga su ke gaya miki abin da ya hana rana rushewa a kan kanta duk da nauyinta. Lantarki da maganaɗisu su ne tushen haske da igiyar rediyo, kwantik kuma shi ke fassara layukan nan da na ambata. Aljebra da analiz, waɗanda ɗaliban fizik kan ɗauka kamar kayan wani aka ɗora musu, su suka fi kayar da mutane a masta.

Maki yana da nauyi fiye da yadda ɗalibai ke zato. Wucewa da goma bisa ashirin yana ba ki takarda, amma masu raba tallafi suna tankaɗe ne da maki tun kafin su karanta wasiƙar kowa. Ki nemi goma sha huɗu zuwa sama tun daga zangon farko, domin makin shekarar farko yana bin mutum har ƙarshe. Ki zauna gaba a lakca, ki je aikin ɗakin gwaji ko kayan sun tsufa, ki bari malamai biyu ko uku su san ki da aiki, su ne za su rubuta miki takardar shaida daga baya.

Abu biyu jami'a ba za ta ba ki yadda ya kamata ba, sai kin nema da kanki. Na farko Turancin Ingilishi. Kusan duk sakamakon binciken falaki da shi ake wallafawa, har na Faransawa, kuma yawancin ƙofofin da zan ambata da shi ake shiga. Mu 'yan Kamaru ba mu da uzuri, harshen hukuma ne na biyu, ga Yola a bayan gida. Ki fara karanta darussan fizik ɗin da kika riga kika sani cikin Ingilishi, ya fi sauƙi da a ce kina koyon harshe da sabon ilimi lokaci guda. Na biyu rubuta manhaja, musamman Python. In za a kashe miki kuɗi, tsohuwar laftof mai batir mai rai ta fi miki madubin hangen nesa amfani nesa ba kusa ba. Manyan taskokin bayanai a buɗe suke ga kowa: kumbon Gaia na Turai, da aka harba a 2013, ya auna matsayi da hasken taurari kusan biliyan 1.8, kuma ɗalibar da ke Garwa tana iya sauko da irin bayanan da farfesa a Jamus ke aiki da su. Ki sauko da na Kaza da 'ya'yanta, ki zana haskensu a kan launinsu, za ki ga taurarin sun jeru a kan layi guda, ki kuma fitar da nisansu, wajen tafiyar haske ta shekara 440. Aikin mako biyu ne ga 'yar shekara ta biyu.

Bayan lisans, ko masta ta farko, sai fita. A cikin gida akwai cibiyar AIMS da ke Limbe tun 2013, mai ba da masta ta shekara ɗaya a fannonin lissafi tare da ɗaukar nauyin ɗalibi, kuma sukan nemi wanda ya yi shekara huɗu a jami'a. Ba falaki suke koyarwa kai tsaye ba, amma tsani ce mai ƙarfi, don malamai daga ƙasashe da yawa ke zuwa, ta hannunsu ɗalibai ke samun gurbin doktora. A Italiya akwai cibiyar ICTP a Triyeste, da Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya ga 'yan ƙasashe masu tasowa, har da fannin asalin sararin samaniya. Amma cibiyar falakin nahiyarmu Afirka ta Kudu ce. Can ne madubin SALT yake a Sutherland, mai faɗin kusan mita 11, da aka buɗe a 2005, da faifan rediyo 64 na MeerKAT da aka ƙaddamar a 2018, da rabin babban aikin hangen sama da igiyar rediyo na SKA da aka fara ginawa a ƙarshen 2022, ɗaya rabin yana Ostareliya. Suna da shirin horarwa mai suna NASSP tun 2003, wanda ya yaye 'yan Afirka da yawa. Kusa da mu, Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tana da sashen fizik da falaki mai daɗaɗɗen tarihi. Maroko tana da wurin hangen taurari a Ukaimeden kan duwatsun Atlas, haɗe da jami'ar Marrakesh, ga kuma Faransanci, abin da zai sauƙaƙa miki. Habasha tana da wurin hangen taurari na Entoto, Masar tana da na Kottamiya. Tun kina lisans ki sa ido kan makarantar hutu ta PASEA, wadda ta fara a Abuja a 2013 tana zagaya ƙasashe; mako guda ne, amma a irinta ake haɗuwa da wanda zai zama jagoran bincikenki. Kuma kada a ce miki ba mace daga yankin Sahel da ta taɓa bin hanyar: Marie Korsaga ta Burkina Faso a Wagadugu ta fara, ta yi doktoranta tsakanin Kef Tawun da Marsai a kan yadda tarin taurari ke juyawa da abin da hakan ke nunawa game da duhun abu, wanda ba a gani sai ta jan da yake yi.

Akwai rassa biyu da nake ganin 'yan yankinmu sun yi sakaci da su, alhali a ƙofar gidanmu suke. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya yana ratsa Afirka ta wannan ɗamara tamu, kuma a samansa, wajen kilomita ɗari, akwai igiyar lantarki mai ƙarfi da ke gudana da rana. Bayan faɗuwar rana kuma saman iska a wannan yanki yakan rikice har ya dagula saƙon GPS da na jiragen sama. Nazarin wannan, da yadda fushin rana ke shafarsa, fanni ne da kayan aikinsa ba su da tsada, kuma masu bincike na waje suna neman abokan aiki da ke zaune a wurin. Na biyu duwatsun da ke faɗowa daga sama. Wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a Oktoban 1962, mai nauyin kilo 18, daga baya an tabbatar daga duniyar Mas ya ɓallo. Wani ya faɗo a Mayo Belwa ta Adamawar Najeriya a 1974. A arewacin Chadi akwai ramin Aorunga mai faɗin fiye da kilomita 12, da na Gweni Fada a Ennedi, duka tabon manyan duwatsu ne da suka daki ƙasa tun kafin ɗan'adam. Yawancin abin da aka rubuta a kansu baƙi ne suka rubuta.

Maganar Baba game da abinci tana da gaskiya a ciki, kada ki yi musu da ita. Daga bak zuwa doktora shekara takwas ne in komai ya tafi sumul, sau da yawa tara ko goma. Bayan nan akwai kwantiragin bincike na shekara biyu ko uku, daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuma kujerun dindindin masu sunan masanin falaki kaɗan ne ko a Turai. Da yawa daga masu doktoran fannin a wani aiki suke ƙarewa. Sai dai ba zaman banza suke yi ba, domin wanda ya iya tace bayanan taurari miliyan ya iya tace na banki, na kamfanin waya, na asibiti. Hasashen yanayi, wutar sola, sadarwa, nazarin hotunan tauraron ɗan'adam don bin ruwan Lagdo ko Tafkin Chadi ko gonakin auduga, duk mai fizik da kwamfuta suke nema. Ga koyarwa, ta makarantar horar da malamai ta Marwa ko a jami'a. Hanyar tana da mafita a kowane mataki, in kin tsaya a lisans kina da abin yi, in kin tsaya a masta kina da wanda ya fi shi. Abin da ba ta da shi shi ne tabbacin da likita ke da shi tun ranar da ya ci konkur.

Gwaggo kuwa a yi mata bayani cikin ladabi, don tsoronta yana da tushe. Akwai masu cewa tauraron wane ya hau, auren wance ba zai yi ba, wannan shi ne abin da malamai suka hana, kuma masu falakin kimiyya ma ba su yarda da shi ba. Lissafin tafiyar rana da wata kuwa malamanmu sun daɗe suna yi. Manazil 28, wato masaukan taurari da tsofaffin manoma ke bi, su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa, kowace kwana 13 in ban da Jabha mai 14, in kin tara 365 za ki samu, kalandar rana ce cikakkiya. Watan sama kwana 29 da rabi ne da 'yan mintoci, shi ya sa shekarar Hijira take kwana 354 ko 355, azumi kuma yake matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. A manyan masallatan da akwai ma'aikaci na musamman mai tsare lokutan salla, kuma ɗaya daga cikinsu, Ibn Shaɗir na masallacin Umayyawa a Dimashƙu, wanda ya rasu a 1375, ya tsara lissafin tafiyar wata irin wanda aka sake gani wurin Kopanikus bayan fiye da ƙarni guda. Ki tuna mata kuma cewa ranar da ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ibrahim ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, sai ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. In kina so ta gani da idonta, ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Kamaru, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla, inuwar sanda kuma tana nuna bayanta. Ki ja layi a ɗakinta, ta kwatanta da inda take shimfiɗa dardumarta.

Shawarata game da konkur ita ce ki yi shi, tunda Baba yana so, kuma ki yi shi da gaske. Shirinsa ba zai rage ki da komai ba, fizik da kimiyyar sinadarai ne za ki ƙara bita. A lokaci guda ki ajiye takardunki na shiga fizik, don lokutan rajistar kan zo kusa da juna. In kin ci, sai a zauna a yi magana kina da zaɓi biyu a hannu, kuma ki sani likitoci da yawa suna da jumel da littafin awo, har ƙungiyar masu bin taurari masu canza haske ta Amurka, da aka kafa a 1911, galibin masu aika mata awo ba ma'aikatan falaki ba ne, masana kuma suna amfani da awon nasu. In kuwa zuciyarki ta tsaya a kan fizik, kada ki je wa Baba da zancen sha'awa. Ki rubuta masa a takarda: shekara uku a wane gari, wurin wa za ki zauna, nawa ne kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci, wane aiki lisans ɗin ke buɗewa in tallafin waje bai samu ba. Ki roƙi malaminki na fizik, ko wani kawu da Baba ke jin maganarsa, ya kasance a wurin. Batun tafiya ƙasar waje ki bar shi tukuna, saura shekara huɗu, kuma uban da ya ga takardar sakamako mai kyau sau takwas yakan yi sauƙin lallashi.

Daga yau zuwa watan Yuni dai, lissafi da fizik na bak su ne aikinki, su ne masu babban koyefishan a C, wato makinsu ya fi nauyi, kuma takardar makin bak ɗin za a ci gaba da tambayarki ita har a neman gurbin masta. Ki rage zaman tsakar gida zuwa dare ɗaya ko biyu a mako har ki gama. Ki gaishe da Baba da Gwaggo, in kun yi awon sandar ke da 'yar Ngaundere ki aiko min da lambobin yadda suka fito, ba gyara.